Tsatsar Minti Goma: Abin da Wankin Mota ke Tonawa a Jikin Birki

Safiyar Asabar ce a Kano. A inuwar darbejiyar da ke gefen titi injin feshin ruwa na ta ruri, samari sun naɗe ƙafar wando, wannan da soso, wancan da tiyo. Motoci sun yi layi: Corolla, Camry, Honda, da wata Sienna da jar ƙasar hanyar ƙauye ta rufe har gilashi. Masu motocin na zaune a benci, wasu na latsa waya, wasu na ta muhawara kan kuɗin mai.

An gama da wata baƙar Camry, an goge ta tas. Mai ita ya tashi yana zagayawa, sai ya tsaya cak a tayar gaba. Ta tsakanin yatsun wili yana hango faifan birki, wanda ɗazun nan yake ƙyalli, yanzu ya koma ruwan goro, tsatsa ta yi masa dabbare-dabbare. Bai daɗe da canza shi ba, kuma da tsada ya saya. Nan take zargi ya rabu gida biyu: ko dai yaran sun zuba wani mugun sinadari, ko kuwa mai shagon kayan gyara ya haɗa shi da jabu.

Yaron da ya yi wankin na rantsuwa cewa ruwa da Omo kaɗai ya sa. Gaskiya ya faɗa. Mai shagon ma, a kan wannan dai, ba shi da laifi.

Irin wannan taƙaddama ta zama ruwan dare a wuraren wankin mota, daga Kano zuwa Kaduna, Jos da Abuja. Tsatsar da ake faɗa a kanta ba ta da wata illa. Abin da ke tayar da hankali shi ne matakan da tsoronta ke sa mutane su ɗauka, da kuma wata tsatsar ta daban, mai kisa, wadda ke ɓoye inda idon mai mota ba ya kaiwa.

Ƙarfen da ba a yi masa riga

Faifan birki, wanda makanikai ke ce wa disk, shi ne kusan ƙarfe ɗaya tilo a jikin mota da aka bari tsirara da gangan. Bodi na da fenti, ƙarƙashin mota na da baƙin shafi, notuna da yawa an tsoma su a sinadarin kariya. Fuskar faifai kuwa dole ta zauna haka nan, domin a kanta fad ke matsewa ya tsayar da mota. Duk abin da aka shafa a wurin, birki biyu uku za su kankare shi.

Da baƙin ƙarfen zubi ake yin sa. A cikin ƙarfen akwai sinadarin kabon kimanin kashi 3 cikin 100, wanda ke warwatse a siffar ƙananan ɓawo na girafait, irin baƙin da ke cikin fensir. Wannan girafait shi ne sirrin faifan. Yana taimaka wa ƙarfen ya kwashe zafi da sauri, yana shanye girgiza don kada birki ya riƙa kuka, yana kuma sa fad ya sami kamu mai kyau. Sai dai shi ɗin ne ke gaggauta tsatsa, domin da zarar ruwa ya kwanta a kan ƙarfe da girafait, ga iskar oksijin, ƙarfen zai fara narkewa a hankali yana haɗuwa da ita. Jan da ake gani shi ne sakamakon haɗuwar.

Wanki yana tara duk sharuɗɗan wuri guda. Tafiya ta riga ta goge faifan fes. Sabulu ya wanke ɗan maiƙon da ya rage. Ƙarfen na da sauran ɗumi, ɗumi kuwa na ƙara wa aikin sauri. Ga ruwa ya kwanta siriri, iska na ratsa shi. Cikin minti goma zuwa rabin awa launi ya fito. Idan ruwan burtsatse ne mai ɗan gishiri-gishiri, ko an fesa maganin wanke wili mai asid, abin ya fi haka sauri.

Manomi ya san wannan a jikin fartanya: ta kwana a raɓa ta wayi gari ja, kafin ya gama kunya ɗaya bakinta ya koma fari. Haka faifan birki yake. Kaurin wannan tsatsa bai kai na silin gashi ba. Direba zai ji ɗan ƙarar gurza a birki na farko da na biyu, zuwa na biyar ko na shida faifan ya koma yadda yake.

Me ya sa sai yanzu ake gani?

Birkin faifai ya girmi duk wanda ke tuƙi a yau. Wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar irinsa tun 1902. Bai karɓu sosai ba sai da motar Jaguar mai irin wannan birki ta lashe tseren Le Mans na Faransa a 1953, sannan kamfanin Citroën ya sa shi a motarsa DS a 1955. Fijo 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 da faifai take tsayawa a gaba. Wato iyayenmu ma faifansu na yin ja bayan wanka, ba sa gani ne kawai, domin wilin ƙarfe na wancan zamani rufaffe ne, an kuma kifa masa murfi.

Motocin yanzu da wilin aloi suke zuwa, mai faɗin ƙofofi, ana hango komai. Mai mota da ya biya kuɗin wanki yana so ya ga ko'ina na sheƙi, sai ga jan abu a tsakiyar taya.

Akwai dalili na biyu, kuma ya fi na farko nauyi. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta tsallake 1,000. Magidanta da dama sun jingine motocinsu sun koma Adaidaita Sahu da babur, ba sa fito da mota sai ranar Juma'a ko biki. Amma ba su daina wanke ta ba. Yaro zai wanke ta a tsakar gida da safe, a lulluɓe ta da tamfol, ta kwana shida ba ta motsa ba. A nan ne tsatsar da ba ta da illa ke samun lokacin da za ta zama mai illa.

Motar da aka wanke aka ajiye

Inda fad ya manne da faifai, ruwa ba ya bushewa da wuri. Kwana ɗaya ko biyu ba komai. Idan aka kai makonni, musamman a watan Agusta da damina ta nutsa, wurin na cin tsatsa daban da sauran fuskar faifan, har hoton fad ɗin ya fito raɗau a jikin ƙarfe. Daga nan kaurin faifan ya daina zama ɗaya. Bambancin ƙanƙane ne ƙwarai, ido ba ya gani, amma ƙafa na ji: a taka birki a kan babbar hanya, feda na bugawa, sitiyari na rawa. Sau da yawa sai a ce faifai ya lanƙwashe, alhali kwanciya ce ta cinye gefe guda.

Birkin hannu ma na da nasa. A ja shi a kan jiƙaƙƙen birki a tafi, in an dawo sai a tarar ya liƙe. A sa giya mota ta ƙi motsi, sai an ba ta wuta a ji ƙara kamar wani abu ya karye. Galibi yana sakewa lafiya. Wani lokaci kuwa fatar fad ɗin ce ke ɓallewa daga ƙarfenta, kuma direba ba zai sani ba sai ranar da ya nemi birki da gaske.

Alhazai na cikin masu gamuwa da wannan. A 'yan shekarun nan aikin Hajji na faɗowa ne daidai shigowar damina, mota ta yi wata guda ko fiye a ajiye, kuma an wanke ta ranar tafiya don a bar ta da tsabta. Haka ma'aikacin da aka tura kwas, da ɗan kasuwar da ke da mota uku yana hawan ɗaya.

Faifan baya ya fi shan wahala. Birkin gaba ne ke ɗaukar wajen kashi biyu cikin uku na aikin tsayar da mota, don haka na baya ba ya samun matsar da za ta share shi sosai, musamman a hannun mai tuƙi a hankali cikin gari.

Maganin da ya fi cutar muni

Abin da kowa ya tashi da shi a gida shi ne, ƙarfe in ya yi tsatsa a shafa masa mai. A kan ƙofa da kwaɗo da sarƙar keke wannan daidai ne. A kan faifan birki ganganci ne da rai.

Birki da gogayya yake aiki, mai kuwa aikinsa kashe gogayya. Fad yana da ƙananan ƙofofi, yana tsotse mai, kuma in ya sha ba ya wankuwa, sai dai a jefar. Duk da haka ana samun mai motar da zai fesa man kwance noti a faifai don kada ya ga ja. A wasu wuraren wankin kuma akwai al'adar fesa gas ko baƙin mai a ƙarƙashin mota bayan an gama, wai don kariya, feshin na sauka har kan birki. Man da ake shafa wa taya don ta yi baƙi tana ƙyalli shi ma yakan fantsama ciki in an yi shi da garaje. Motar za ta fita tana sheƙi, ta je shataletale na farko direba ya taka birki ya ji tana zamewa.

Kuskure na biyu shi ne watsa ruwan sanyi a kan birki mai zafi. A zirga-zirgar gari faifai kan kai digiri 100 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyas. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, tsakanin Jos da Akwanga, yana iya haura 500. Ƙarfen zubi ba ya son sanyin farat ɗaya, yana iya tsagewa ko ya sauya siffa. Direban da ya taso daga Zariya a guje ya faɗa gidan wanki a Kano, ya kamata a bar motarsa ta huce kamar minti 20 kafin tiyo ya kusanci taya. Masu wanki da yawa sun san haka, layi da gaggawar mai mota ne ke sa su yi biris.

Na uku shi ne canza abin da bai lalace ba. Mutum ya cire faifan asali da kamfani ya sa wa mota saboda ya ga ja, ya sayi wanda ba a san inda aka zuba shi ba. Sabon ma zai yi ja a wankan farko. Tsatsar bayan wanka ba ta bambanta na gaske da jabu, domin dukansu ƙarfen zubi ne.

Kowa da abin da yake gani

Masu wankin mota na ganin an mayar da su saniyar ware. Hujjarsu mai ƙarfi ce: ruwan sama ma na yin haka, raɓar asuba ma na yi, ba wanda ya taɓa tuhumar su. Amma ba su fita tas ba. Injin feshi mai ƙarfi, in aka kafa bakinsa kusa da kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fad yana matse shi a kan faifai, yana iya tura ruwa ya wuce robobin da ke kare sandunan da kalifar ke zamewa a kai, ya wanke giris ɗin ciki. Wannan ɓarna ba ta bayyana ranar, sai bayan watanni.

Makanikai sun rabu. Tsofaffin hannu kan ce wa mai mota ya je ya taka birki sau kaɗan ya dawo, kuma ba sa karɓar ko sisi a kan haka. Wasu kuwa na ganin ciniki ne ya kawo kansa. Akwai masu kai faifai wurin mai injin sassaƙa ƙarfe a share fuskarsa, wanda aiki ne halattacce in akwai sauran nama. Kowane faifai na da mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, an buga lambar a jikinsa, kuma tazarar da ke tsakanin sabo da wanda ya ƙare ba ta cika wuce milimita 2 ba. Garejin da ke da ma'aunin auna wannan kauri bai kai yawan garejin da ke sassaƙa ba. Faifan da ya sirance yana saurin zafi, zafi kuwa shi ke kashe birki a gangara.

A Ƙofar Ruwa ta Kano, Panteka ta Kaduna da Ladipo ta Legas, mai saye na da zaɓi biyu: sabo a kwali, ko na Baljiyam da aka cire daga wata motar a Turai ko Amurka. Direbobi da yawa sun fi amincewa da na Baljiyam ko da ya yi ja, bisa hujjar cewa na kamfani ne na asali. Sau da yawa suna da gaskiya, muddin an auna kaurinsa an kuma duba bayansa. Sabo na zuwa da ɗan maiƙo da aka shafa masa don kada ya yi tsatsa a shago, kuma wajibi ne a wanke shi kafin a ɗaura. Yaran gareji kan manta.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, na lissafa shanyewar birki cikin musabbaban haɗari a rahotanninta. Jami'in da ke bakin hanya dai ba ya kwance taya. Abin da ke bayan wili ya rage tsakanin mai mota da bakanikensa.

Gishirin da ya biyo mota daga ƙetare

Yawancin motocin da ke titunanmu tokumbo ne, kuma da dama sun yi rayuwarsu ta farko a yankunan ƙanƙara: Michigan, Ohio, New York, Ontario ta Kanada, ko arewacin Turai. A can ana zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, Amurka kaɗai na zuba wajen tan miliyan 20 a shekara. Ruwan gishirin nan na shiga kowane lungu na ƙarƙashin mota. Daga nan motar ta yi makonni a teku, ta yi wasu a tashar Tin Can ko Kwatano tana shaƙar iskar gishiri, kafin ta hau tirela zuwa Arewa.

Tsatsar irin waɗannan motoci ba ja ce mai laushi ba. Baƙa ce, mai ɓawo, tana ɓarewa falle-falle. Tana cin gefen faifai da ramukan iskar da ke tsakiyarsa. Tana cin fuskar ciki, wadda ke kallon inji, ta yadda waje na ƙyalli ciki kuwa rabinsa fad ba ya taɓawa. Tana kama sandunan kalifa, fad ɗaya ya cinye ɗaya na nan sabo, mota na jan gefe in an taka birki, taya ɗaya na zafi fiye da sauran. Mafi hatsari, tana cin siraran bututun ƙarfe da ke kai man birki. Ranar da ɗaya ya huje, feda sai ta tafi ƙasa.

Wannan ba hasashe ba ne. A 2015 hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, bayan dogon bincike kan bututun birki da ke hujewa, ta shawarci masu tsofaffin motoci a jihohin gishiri su riƙa wanke ƙarƙashin mota suna kuma kai bututun a duba. Motocin da aka yi wa wannan gargaɗi, 'yan 2007 zuwa baya, su ne sa'o'in waɗanda suka cika tashoshinmu. A nan wanki magani ne. Busasshiyar iskar Arewa na rage wa tsatsar gudu, amma ba ta mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi.

Ambaliya ma na barin irin wannan tabo. Motocin da suka kwana cikin ruwa a Maiduguri lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, birkinsu na bukatar a kwance shi gaba ɗaya a wanke, a sake giris, a zubar da man birkin.

Man birkin kansa mutane sun fi mantawa da shi. Irin da aka fi amfani da shi, DOT 3 da DOT 4, yana jan danshi daga iska. Sabon DOT 3 sai ya haura digiri 200 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a wajen 140. Ruwan kuma na cin kalifa daga ciki. Kamfanoni da yawa na cewa a canza shi duk bayan kimanin shekara biyu. A nan ciko kawai ake yi, har mota ta tsufa da man da ta zo da shi.

Abin da ya kamata a yi bayan wanka

Aikin bai kai minti biyar ba. Da an gama wanki a tayar da mota a yi ɗan zagaye, a hanyar da ba cunkoso, a taka birki a hankali sau biyar ko shida daga matsakaicin gudu. Ɗumin zai busar da faifai da fad. Wannan zagaye na da wani amfanin ma: jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa sosai a takun farko, gara a gano haka a layin unguwa da a gano shi a bayan tirela.

In motar za ta daɗe a ajiye, a busar da birkin tukuna. A shimfiɗaɗɗen wuri, a bar ta a giya ko a P, a sa dutse ko katako a taya maimakon a ja birkin hannu. In da hali wani ya riƙa zagayawa da ita ko sau ɗaya a mako. Tayar da inji a tsaye ba ya yi wa birki komai.

Idan aka yi tafiyar kwana ɗaya ko biyu ja bai tafi ba, ko ya bar zobe mai kaushi, ko feda na bugawa, ko ƙarar ta ƙi ɗaukewa, lokacin ganin bakanike ya yi. A ce masa ya cire taya ya duba fuskar ciki, ya zare sandunan kalifa, ya bi bututun da ido da hannu. In za a sa sabon faifai, a goge mazauninsa da samfefa, domin ɓawon tsatsa kaɗan a wurin ya isa ya sa sabon faifai ya zauna a karkace.

Masu ƙera mota na neman mafita

Tambayar da kowa ke yi ita ce me ya hana a yi faifan da ƙarfen da ba ya tsatsa. A babura ana yi, domin babur ba nauyi kuma faifansa a fili yake iska na dukansa. A mota kuwa wannan ƙarfe ba ya kwashe zafi kamar na zubi, ga tsada. Alminiyam na narkewa a digiri 660, ya yi kusa da zafin da birki kan kai. Faifan kabon da seramik, wanda Porsche ta fara sa wa motocinta a farkon shekarun 2000, ba ya tsatsa ko kaɗan, amma kuɗin saiti ɗaya ya sayi tokumbo sukutum.

Akwai hanyoyin tsaka-tsaki. Wasu faifan na zuwa da shafin toka-toka da ke kare gefe da tsakiya. General Motors ta daɗe tana gasa nata a wani sinadari da ke taurara fuskar ƙarfen ya rage tsatsa. Motocin lantarki da masu haɗa mai da batir sun ƙara wa batun zafi, saboda injinsu ne ke rage gudu, birki na zaman banza har ya yi tsatsa. Shi ya sa Volkswagen ta koma wa birkin duram, wanda yake a rufe, a tayoyin bayan motocinta ID.3 da ID.4.

Tarayyar Turai ma ta shigo ciki ta wata ƙofar. Dokar Euro 7 da aka amince da ita a 2024 ta sa iyaka, karon farko, ga ƙurar da birki ke fitarwa, kuma za ta fara aiki kan sababbin samfuran motoci daga ƙarshen 2026. Wannan na tura kamfanoni ga faifai masu taurin shafi da ba sa saurin ci, ba sa kuma saurin ja. A yadda kasuwarmu take, inda mota kan shekara goma ko fiye kafin ta iso hannun mai saye a Kano ko Sakkwato, irin waɗannan faifan ba za su yawaita a Ƙofar Ruwa ba sai can bayan tsakiyar shekarun 2030.